Tsere a Cikin Gonar Dawa

Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ja da baya amma bai ɗauke ba. An soma yankan gero, dawa kuwa ta yi tsawo har ta shanye mutum. Da can wannan ne lokacin da na fi so a shekara, amma waccan shekarar ban ji daɗinsa ba ko na yini ɗaya. Daminarmu ta farko ke nan a Gusau, a ɗaki biyu na haya can bayan gari, tun da muka baro ƙauyenmu na wajen Bilbis. Duk wanda ka gani a unguwar yana da gonar da ya baro a wani wuri. Idan na je kasuwa na ji ƙanshin ɗanyar gyaɗa, sai in manta abin da na zo saye.

Amma abin da ya fi ci mini rai ɗana ne na fari. Shekarunsa ashirin da uku a lokacin. A kakar da ta wuce mutanen daji suka ɗauke shi daga cikin gonarmu ta dawa, ya yi mako bakwai a hannunsu. Ya dawo da ƙafafunsa, raunukan jikinsa suka warke, muka kwashe kayanmu muka taho birni. Tun da muka sauka kuwa, iyakarsa masallacin da ke manne da gidan. Yaron da yake taka keke daga Bilbis zuwa Tsafe da buhu a baya, ya dawo kafin azahar, shi ne yanzu idan babur ya wuce ta layinmu sai lomar da ya ɗauka ta tsaya masa a hannu.

Ni kuma babu halin in zauna kusa da shi in tambaye shi. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Kakarsa ce ta raine shi bayan yaye. "Kai" nake ce masa, idan ina maganarsa kuma in ce "yaron nan". Ko ranar da ya dawo daga daji, mata suka cika gida suna kuka suna tattaɓa shi, ni ina bakin murhu ina hura wutar da ta riga ta kama.

Wata Juma'a bayan la'asar ƙanena ya zo da takarda. Malamin firamare ne a nan Gusau, mai surutu, ba ya shiga gida sai ya tayar da ƙarar dariya. Tare da shi akwai abokin ɗana, wani mai faci da suka taso tare a ƙauye, shi kaɗai ne cikin abokan bai gaji da zuwa ba.

"Yaya, ga aiki na kawo miki," in ji ƙanena. "Tun da kin gama yaƙi da jahilci, karanta muna, mu ga ko malamarku ta ci kuɗin banza."

Na karɓa na karanta a hankali, yatsana yana bin layi. Wata ƙungiyar matasa ce ta shirya gasar tsere, wai don a nuna wa duniya cewa har yanzu ana iya fita a ƙasarmu. Mutum huɗu-huɗu za a shiga, kowace ƙungiya dole a sami mace ɗaya a ciki. Zango uku ne. Na farko a kan keke, keke biyu ga mutum huɗu, daga bakin Gusau a bi titin Tsafe. Na biyu a ƙasa, riƙe da igiya ɗaya. Na uku hawan dutsen Kwatarkwashi. A kowane zango za a buga hatimi a kati. Idan mutum ɗaya bai isa ba, sauran ukun ma kamar ba su isa ba.

A ƙarƙashin zango na biyu akwai wani layi: za a ratsa gonaki har zuwa rafi. Idona ya kai kansa, na ɗago na ga ɗana zaune a bakin ƙofar ɗaki yana sauraro, abin da ya daɗe bai yi ba. Sai na tsallake layin na ci gaba. Ƙanena ya kalle ni, ya kau da kai.

"To ga mu uku," ya ce. "Ni, da mai faci, da kai. Mace ce ta rage. Ƙanwar wanga ta ce za ta, mijinta ya ce in ta hita kada ta dawo."

"Kawu, ku nemi wani," in ji ɗana.

"Wa za mu nema? Kai ka san ni in na taka keke daga nan zuwa tasha sai an yi mini fifita."

Suka yi ta fama da shi, yana girgiza kai. Da suka dame shi sai ya ce, don ya kashe maganar, "To, in Inna za ta, ni ma za ni."

Suka kwashe da dariya, har mai faci ya dafa bango. Ni ban yi dariya ba. Na ninke takardar na ce, "Za ni."

Da yamma na gaya wa Malam, mahaifinsa. Ya daɗe yana kallona.

"Ke da girmanki? Mi kike so a ce mini a masallaci?"

"Malam, shekara ta kusa zagayowa bai ga bakin titi ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Ki sa wando a ciki."

Mako uku muka samu na shiri. Kowace safiya bayan rana ta ɗan fito su biyun suke zuwa da kekuna. Ranar farko ɗana ya kai ƙarshen layinmu, ya tsaya wajen mai shayi, ya ce cikinsa yana ciwo, ya koma. Rana ta biyu ya wuce mai shayi. Rana ta huɗu aka fita da shi har filin makarantar da ƙanena yake koyarwa, ya hau keke, ya zagaya filin sau ɗaya kamar mai koyo, sannan ƙafafunsa suka tuna. Na tsaya a gindin dalbejiya ina kallon wani wuri dabam don kada a ga fuskata.

Ni ce aikin ya fi ba wuya. Tafiyar ƙasa ba ta dame ni ba, na yi shekaru ina ɗaukar itace da ruwa. Zaman kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na bayan keke, shi ne ban taɓa yi ba. Da farko aka ɗora ni a bayan ƙanena, muka yi taku kaɗan muka kife cikin yashi, ni a ƙasa shi a sama yana salati.

"Yaya, tuwon birni ya karɓe ki!"

"Kai ne ƙafarka kamar ta zakara," na ce masa.

Mai faci ya ce gaskiya ɗaya ce, wanda ya fi ƙarfi shi zai ɗauki Inna. Haka na koma bayan ɗana. Ya naɗe mini kariyar da tsohuwar roba da tsumma don kada ƙarfe ya ci ni. Na zauna a karkace, na riƙe ƙarfen da hannu biyu, ban taɓa ko rigarsa ba. Ina jin numfashinsa, ina ganin zufa tana bin wuyansa ta wajen wani tabo da ban san da shi ba.

An samo mini takalmin kambas a gwanjo, ya yi mini yawa, na cusa tsumma a gaba. Matan gidan haya suka sa ni gaba. Idan na fito da safe sai in ji, "Ga 'yar ƙwallo nan ta hito!" Wata ta ce in na ci kofi in ara mata ta dama koko a ciki. Ina yi musu murmushi in wuce. A wannan lokacin ɗana ya fara cinye abincinsa. Wata rana igiyar da muke gwajin tafiya da ita ta harɗe ƙanena ya zauna daɓas, sai na ji wata dariya a gabana da na yi wata goma ban ji ba. Gajeriya ce, ya haɗiye ta da sauri, amma na ji ta.

Saura kwana biyu ya tambayi kawunsa ta ina za a bi a zango na biyu.

"Hanya ce dai, sai ɗan rafi," in ji ƙanena.

Takardar tana cikin ƙullin zanena. Ya iya karatu fiye da ni, da ya nema da ya gani. Bai nema ba, ni kuma ban miƙa ba. Na ce a raina in ya riga ya fita, ga jama'a, ga mu tare da shi, zai wuce.

Ranar Asabar da safe muka taru a wani fili a bakin gari. Ƙungiyoyin sun kai goma sha biyu. Akwai 'yan makaranta, akwai ma'aikatan gwamnati masu tumbi da sababbin takalma, matan cikinsu duk 'yan mata ne sai ni. Aka ba mu riguna masu lamba, na ɗora tawa a kan hijabi. Wani saurayi mai lasifika ya gan ni ya ce, "A tafa wa Hajiya!" Aka tafa, na rasa inda zan sa kaina. Motocin jami'an tsaro biyu suna tsaye a bakin titi. Na ga ɗana yana kallonsu, yana kallon hanya, yana lasar leɓe.

Aka busa usur.

Ba zan ɓoye ba, zangon farko ya yi mini daɗi. Iska tana kaɗa hijabina, mutane a bakin titi suna ihu, yara suna bin mu da gudu. Ɗana ya sunkuyar da kai yana takawa, muna wuce kekuna ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena yana bayan mai faci yana ta ihu kamar shi ke yin aikin. Dutsen Kwatarkwashi ya fito mana a gaba, yana ƙara girma. Mu ne na biyar da muka isa zangon. Na miƙa kati aka buga hatimi.

Aka karɓi kekuna, aka ba mu igiya, aka nuna mana jan ƙyalle ɗaure a jikin sanda, wai mu bi irinsa duk inda muka gani. Ƙyallen farko yana bakin wata siririyar hanya da ta shige cikin dawa. Dawa ce ta ko'ina, kore shar, ta rufe sama.

Ɗana ya tsaya. Ya kalli hanyar, ya juyo ya kalle ni.

"Inna, kin sani?"

"Na sani."

Wata ƙungiya ta zo ta wuce mu da gudu ta shige, ganye ya rufe bayansu. Mai faci ya buɗe baki zai yi magana, ƙanena ya taɓa shi. Ban san tsawon tsayuwar da muka yi ba. Daga baya ɗana ya sunkuya ya ɗauki igiyar ya naɗa a hannu. Mai faci ya shiga gaba, sai ƙanena, sai shi, ni a ƙarshe.

Cikin dawa babu iska. Ganye yana yankar fuska, ƙasa da sauran danshi, ba ka ganin komai sai bayan wanda ke gabanka. Muna sassarfa, ina jin igiyar tana rawa daga hannunsa zuwa nawa. Ƙanena ya fara wata waƙar noma don ya kawar da shiru, ya yi baiti ɗaya ya bari. Muna jin ihun ƙungiyoyin da ke gaba da dirin ƙafafunsu. Na riƙa ƙirga jajayen ƙyallaye, huɗu, biyar, shida, ina cewa saura kaɗan mu fita.

Muka fito a gefen wani ɗan ƙauye, gidaje ba su fi ashirin ba. Hanyar tseren ta bi ta bayan dangarsu. Sai na ga turmi a tsaye da hatsi a ciki, taɓarya a ƙasa. Tukunya tana tafasa a kan wuta har tana zuba. Ga guga a bakin rijiya da igiyarsa rabi a ciki, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Awaki suna cin shanyar gero babu mai kora.

"Ina mutanen garin ga sunka tahi?" in ji mai faci.

Ni na riga na gane, saboda irin wannan gudun muka bar namu ƙauyen. Mutanen suna zaune suna aikinsu, sai suka ga samari suna fitowa daga cikin dawa da gudu, tuli bayan tuli, suna ihu. A ƙasarmu yanzu idan ka ga mutum yana gudu ba ka tsayawa tambaya, ɗanka kake sura ka bi. An ce masu gasar sun kai takarda wurin hakimi, amma saƙon bai iso wannan lungu ba.

Ina shirin faɗa musu haka sai muka ji babura. Uku ne, suna tahowa ta hanyar gona, kowane da goyo. Masu kula da gasar ne, daga baya na ga rigunansu. Amma sun naɗe fuska da ƙyalle saboda rana, kuma ƙarar ita muka fara ji kafin mu gan su.

Igiyar ta saki a hannuna. Na duba gabana, babu kowa tsakanina da ƙanena.

Suka fara kiransa. Ƙanena yana kiran sunansa ta gabas, mai faci ta yamma. Ɗaya daga cikin masu babur ya ciro lasifika yana cewa kowa ya fito, wasa ne ake yi. Baburan suna ta ruri. Ban taɓa ɗaga wa namiji murya ba, amma na je gaban mai lasifikar na ce, "Ɗana, don Allah kashe abin ga. Ku kashe baburan." Ya kalle ni, ya kashe.

Na san kiran da suke yi ba zai fito da shi ba. Akwai ranar da na ji shi ta bayan bango yana gaya wa mahaifinsa cewa a daji, idan wani ya gudu, sai a sa bindiga a bayan ɗan'uwansa a ce ya kira sunansa, ya ce masa ya fito babu komai. Wanda ya amsa shi ke nan.

Ƙanena ya dawo yana haki, barkwancin duk ya bar fuskarsa.

"Yaya, ke ki kira shi."

"Ni?"

"To wa?"

Na shiga dawar ni kaɗai, ta wajen da na ga kara ya karye. Na ce, "Kai!" Na sake cewa, "Kai, hito!" Babu amsa sai motsin ganye. Na san akwai mutane kwance a kunyoyin nan ta kowane gefe, mata da yara suna riƙe numfashi, kowanensu kuma "kai" ne ko "ke". Na tsaya. Shekara ashirin da uku sunan yana cikina, tun ranar da aka raɗa masa shi ina ɗaki ina rufe da fuska, ban taɓa fitar da shi ba ko ni kaɗai. Sai na kira sunan. Na farko a hankali ya fito, ko ni da ƙyar na ji. Na biyu na ɗaga murya. Na uku na kira shi yadda ake kiran yaro daga bakin rijiya.

"Na'am."

Kusa ƙwarai, kunya huɗu ko biyar daga inda nake. Na ture kara na same shi kwance rub da ciki, ƙasa a fuskarsa. A ƙarƙashin hannunsa akwai wata tsohuwa da ya danne, ya rufe mata baki da tafinsa. Ashe ta faɗi a wurin tana gudu, ya yi tuntuɓe da ita.

"Inna, kwanta," ya ce da raɗa. "Kwanta!"

"Tashi. Babu kowa. Mu ne. Mu sunka guje wa."

Ya daɗe yana kallona, yana kallon bayana. Sannan ya janye hannunsa daga bakin tsohuwar, ya zauna.

"Na zaci sun kama ki," ya ce. "Na zaci su sunka sa ki kira."

"To don mi ka amsa?"

Ya sa kansa tsakanin gwiwoyi. Na miƙa hannu zan dafa shi, hannun ya tsaya a sama, sai na kai shi kan tsohuwar na kakkaɓe mata zane.

Ƙafarta ta gurɗe, idon sawun har ya fara kumbura. Da na gaya mata abin da ake yi sai ta kalli rigata mai lamba, ta kalli kambas ɗina.

"Gudu? Wasa?" ta ce. "A ƙasar ga? Ke ɗiyata, da hankalinki da furfurarki?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo."

"Jikokina uku ban san inda sunka nufa ba. Tuwona yana bisa wuta. Ku kuna wasa."

Ɗana ya miƙe ya juya mata baya ya durƙusa, ta yi kamar za ta ƙi, sannan ta hau. Ya goya ta muka fito, tana yi mana faɗa har ƙofar gidanta. Tukunyar tata ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika tsakar gida. Na sauke ta, na zuba ruwa a wutar.

Mutane suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, wasu da ƙaya a ƙafa, wasu suna neman 'ya'yansu. Wata mai ciki aka riƙo tana kuka ba sauti. Jikokin tsohuwar sai can aka gano su a bakin rafi. Mai unguwar ya tsare masu babur yana magana a hankali, irin maganar da ta fi zagi ciwo, su kuma suna ta ba da haƙuri suna nuna takardu. Duk wannan lokacin sauran ƙungiyoyi na baya suna ta fitowa daga dawa, su ga taro, su rage gudu, su wuce da kai a ƙasa.

Mai faci ya zo ya tsuguna kusa da ɗana, wanda ke zaune a jikin danga.

"Rafi na nan kusa. Ko da tafiya ce mu ƙarasa, ko na ƙarshe munka zo an dai buga muna hatimi."

Ƙanena ma ya ce, "Dawar da ta rage ba ta da yawa, ɗan Yaya."

Ɗana ya kalli inda jan ƙyalle na gaba yake ɗaure, a bakin wata gonar. Ya girgiza kai. Suka kalle ni, wai ko zan sa baki. Na ciro katin daga ƙullin zane, hatimi ɗaya ne a jikinsa, na miƙa wa ƙanena na ce ya mayar musu da abinsu.

A bayan wata a-kori-kura ta masu gasar aka mayar da mu Gusau tare da kekuna. Da muka hau titi na waiga na hango waɗanda suka kai, ƙanana a kan dutsen, suna ɗaga riguna. Ɗana bai waiga ba. Haka muka isa gida. Ya cire kambas a bakin ƙofa, ya shige ɗaki ya saki labule. La'asar da magariba duk a ciki ya yi, ko masallacin bai fita ba. Abincin da na aika masa ya dawo yadda ya tafi.

Malam ya tambaye ni, "Kun ci?"

"Ba mu kai ba."

Na gaya masa komai, har layin da na tsallake a takarda. Sunan da na kira ne kawai ban faɗa ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce Allah ya kyauta, ya tashi ya tafi alwala. Matan gidan ma da suka ga fuskata babu wadda ta tambayi kofi.

Washegari da safe na wanke kambas ɗinsa da nawa na jingina a rana. Na ƙulla garin dawa madadin tuwon da ya ƙone, na haɗa da man zafi da sabulu, na gaya wa Malam zan koma ƙauyen nan in duba ƙafar tsohuwa, tun da mu muka jawo. Ban gaya wa ɗana ba, ban kuma leƙa ɗakinsa ba.

Da na fito zaure sai na same shi a can, tsaye, riƙe da keken da mai faci ya bari.

"Kawo kayan in ɗaura," ya ce. "Sai in kai ki tasha."

Na ba shi. Ya ɗaure ƙullin a kariya da roba, ya ja ya ga ya zauna daram. Ya turo keken har bakin ƙofa. Layin babu kowa sai wata yarinya mai tallan koko. Can daga wajen mai shayi wani ɗan acaɓa ya tayar da baburinsa, ya zo ya wuce ta gabanmu ko kallonmu bai yi ba. Ɗana ya tsaya riƙe da kan keken har ƙarar ta ɓace. Sannan ya sunkuya ya kwance robar da ya ɗaura, ya miƙo mini ƙullin da hannu biyu.

"Ki gaishe ta, Inna. Ki ce mata ta yafe ni, na toshe mata baki."

Na buɗe baki in kira shi kamar jiya, sunan ya ƙi fitowa. Na ce, "To. Kai, akwai koko a kwano, ka sha tun da zafi."

Na ɗora ƙullin a ka, na taka zuwa tasha, na shiga motar Tsafe. Na ce wa direba ya sauke ni kafin Kwatarkwashi, daidai inda zai ga jan ƙyalle a bakin gona, in ba a cire ba. Ba a cire ba. Na sauka na bi hanyar cikin dawar a hankali, ina yin sallama da ƙarfi a kowace kwana don kada wani ya ji motsina ya tsorata.